TAMOWA A TAMBUWAL DA KEBBE: AIKIN DA KE JIRAN SAMARI

Duk lokacin da 'yan bindiga suka faɗa wa wani ƙauye, abin da ake ƙirgawa shi ne gawarwakin da aka yi wa salla a wannan rana, da mutanen da aka kora daji, da shanun da aka kwashe. Gidajen rediyo su faɗa, mahukunta su aiko da ta'aziyya tare da alkawarin wai an ɗauki mataki, daga nan sai a rufe littafi a jira na gaba. Amma akwai wasu mamatan da ba sa shiga wannan lissafi, alhali kuwa wannan harin ne ajalinsu. Su ne jarirai da ƙananan yaran da ke cikawa bayan wata uku ko huɗu, a zauren wani ɗan uwa ko a ajin wata firamare da aka fake a ciki, ba tare da harsashi ya taɓa jikinsu ba. Ba a faɗar sunayensu a rediyo, ba a zuwa ta'aziyyarsu da jerin motoci. A haƙa ɗan rami a bayan gari, a ce wa uwar ta yi haƙuri, shi ke nan. Abin da ke kashe su shi ne tamowa, kuma ita ce kashi na biyu na yaƙin da ake yi a Arewa maso Yammacin ƙasar nan.

Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a kudancin Jihar Sakkwato. Tambuwal tana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Shehu. Kebbe kuwa, wadda bai kamata a rikita ta da Jihar Kebbi ba, tana can ciki, ta yi iyaka da Zamfara ta wajen Gummi. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 220,000 a Tambuwal, sama da 120,000 a Kebbe, kuma kowa ya san yanzu an zarce haka nesa ba kusa ba. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa, ga shinkafa da albasa a fadamu. Shekaru da dama ana ganin ta'addancin daji abu ne na Zamfara da gabashin Sakkwato, wajen Sabon Birni da Isa da Goronyo, inda aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwa a watan Oktoba na 2021. To, masu iya magana sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wutar ta gangaro kudu, ta shiga ƙauyukan Tureta da Shagari da Kebbe, musamman a 2025, mutane suka riƙa kwashe iyalansu suna neman mafaka a manyan garuruwa. Ko a daren 25 ga Disamba na 2025, da Amurka ta harba makamai masu linzami cikin Jihar Sakkwato, a gonakin Jabo ta ƙasar Tambuwal wasu ɓaraguzan suka faɗo. A ranar duniya ta ji sunan Tambuwal, 'yan jarida suka yi ta tururuwa suna ɗaukar hoton ƙarfe. Yaran da damatsansu suka koma kamar karan dawa a wannan yanki kuwa, har yanzu suna jiran mai leƙo su.

Wajibi ne 'yan uwa matasa su fahimci yadda bindiga ke haifar da yunwa, domin wanda bai san tushen ciwo ba, ba zai san inda zai sa hannu ba. A Suratu Ƙuraish Allah Ta'ala ya ambaci ni'imomi biyu a jere, ƙosarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro, kuma duk wanda ya zauna a karkara ya san idan ɗaya ta tafi ɗayar ba ta daɗewa. Manomin da ke tsoron a ɗauke shi zai bar gonarsa ta nesa, mai albarka, ya tsaya a 'yar gayaunar bayan gida. Wanda ya yi ta maza ya noma, sai azzaluman su aza wa garinsu haraji kafin girbi. Wanda aka ɗauke masa mata ko ɗa, rumbunsa zai buɗe ya sayar, ya haɗa da akuyoyi da gona, don ya biya kuɗin fansa. Shanun da aka kora sun tafi da nonon da ake dama fura da shi. Kasuwar ƙauye ta mutu saboda fatake sun daina zuwa. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya nemi a canza masa wurin aiki, kuma ba a ga laifinsa ba, don shi ma yana da 'ya'ya. A kan wannan duka aka zo aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a 2024, hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar wannan shekara. Kuɗin kabu-kabu daga ƙauye zuwa asibiti ya zama kuɗin cefanen kwana biyu.

Kuma wannan bala'i ya sami jihar da dama can a raunane take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewar rashin abinci mai gina jiki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a rahotonta na 2022 ta sa Sakkwato a kan gaba wajen talauci, inda ta ce kusan mutum 9 cikin kowane 10 na fama da shi ta fuskoki daban-daban. A maƙwabta kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi a watan Yuni na 2024, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu yana da tamowa. Ita dai wannan ƙungiya ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata 6 na farkon 2025. Waɗannan su ne waɗanda aka samu aka kai asibiti, aka rubuta sunayensu. Waɗanda suka cika a ɗaki ko a kan hanya, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Shin mece ce tamowar nan? Da yawa daga cikin mutane, idan yaro ya fara zubewa, sai a ce haƙori ne, ko iska ce, ko maita, ko kuma ya sha nonon ciki don uwarsa ta yi kwanika. A tafi wajen mai magani, a yi turare, a yi tsimi, ana ta ɓata kwanaki. Alal haƙiƙa tamowa ciwo ne da ke samuwa idan jikin yaro ya rasa abin da zai ginu da shi, ko don abincin bai isa ba, ko don cuta tana zubar da ɗan abin da ya samu. Tana zuwa da fuska biyu. Wani yaron yakan bushe, fatarsa ta yi tamoji, haƙarƙarinsa su fito, fuskarsa ta koma ta tsoho. Wani kuma sai ya kumbura daga ƙafafu, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa ta riƙa saɓulewa, har wanda bai sani ba ya ɗauka ƙiba ce. Wannan ta biyun ita ce wadda duniya ta gani a hotunan yaran Biyafara lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can suna cikin waɗanda suka kafa MSF a 1971. Tamowa da cuta kuwa ɗan juma ne da ɗan jummai. Gudawa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna jefa yaro cikin tamowa, ita kuma tamowa tana rushe garkuwar jikinsa har ciwon da ba ya kashe yaro mai lafiya ya kashe shi. UNICEF ta ce yaron da ya yi mummunar rama ya ninka mai lafiya har sau 11 wajen hatsarin mutuwa daga cututtuka irin su ciwon haƙarƙari. Shi ya sa asibitoci ke cika daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. Har wa yau ita ce ke buɗe ƙofa ga cutar noma mai cin baki da fuska, wadda saboda yawanta a wannan yanki aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999.

Babban abin takaicin shi ne, wannan ciwo yana da magani, kuma maganin ba wani abin mamaki ba ne. A 1996 wasu masana a Faransa suka haɗa gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da sinadaran gina jiki a cikin 'yar leda, abin da aka fi sani da Plumpy'Nut. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, ba ya buƙatar firji, uwa ce kawai za ta yage bakin ledar ta ba ɗanta. A yunwar Nijar ta 2005 aka ga amfaninsa a fili, inda MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida iyayensu mata suka yi jinyarsu, ana zuwa awo mako-mako. A 2009 aka fara irin wannan tsari a Nijeriya, a jihohin Gombe da Kebbi, daga baya ya bazu zuwa sauran jihohin Arewa. Katan ɗaya mai leda 150 kusan shi ne abin da yaro ɗaya ke buƙata cikin mako 6 zuwa 8, a kan kuɗi dala 40 zuwa 50, kuma UNICEF ta ce kusan yara 9 cikin 10 da aka fara ba su a kan lokaci suna warkewa. Amma ita UNICEF ɗin ta shafe shekaru tana cewa a Nijeriya yara 2 ne kacal cikin 10 masu tsananin tamowa ke samun wannan jinya. Ina sauran 8 ɗin? Suna ƙauyuka da rugage da zaurukan 'yan gudun hijira, ba a gano su ba, ko an gano su ba a kai su ba, ko an kai su bayan bakin alƙalami ya bushe.

A nan ne maganar ta iso kan maza, musamman samari. Sau da yawa akan ɗauka lafiyar yara sha'anin mata ne, namiji ba ruwansa. Amma wa ke ba da izinin fita a gidan Bahaushe? Wa ke riƙe da kuɗin mota? Wa ke da babur? Uwa tana ganin ɗanta yana zubewa tun daga makon farko, domin ita ke goya shi tana jin nauyinsa na raguwa a bayanta. Sai ta faɗa wa maigida, ya ce a bari a gani, ko ya ce babu kuɗi, ko kuma yana can Legas ko Fatakwal cin rani, babu wanda ya wakilta. Idan aka ce za a kwantar da yaro a asibiti kwana bakwai, sai a ce wa zai yi girki, wa zai kula da sauran yara, a ɗauko su a dawo gida. Alƙur'ani mai girma, a ayar da ta yi maganar shayarwa ta shekara biyu cikin Suratul Baƙara, a kan uba ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Don haka namijin da zai zauna a teburin mai shayi ya ci Indomie da ƙwai biyu, ya aika wa mai jego da tsabar dawa ba mahaɗi, ya sani akwai tambaya a gabansa ranar da dukiya da 'ya'ya ba su da amfani.

'Yan uwa matasa da yawa sun zubar da hawaye kan yaran Gaza, inda hukumomin duniya suka tabbatar da aukuwar yunwa a watan Agusta na 2025, da yaran sansanin Zamzam na Sudan, inda aka tabbatar da ita a Agustan 2024. Wannan hawaye yana bisa gaskiya, kuma alama ce ta zuciya mai rai. To amma zuciyar da ta motsa saboda yaron da ke nesa, ba ta da uzuri idan ta yi shiru kan yaron da ke bayan katangar gidansu. Wanda ke Gaza, saurayin Dogon Daji ba zai iya kai masa ko loma ɗaya ba. Wanda ke Kuchi ko Sanyinna kuwa, tafiyar babur ce.

Aiki na farko shi ne awo. Akwai wani ɗan ma'auni na roba mai launi uku da ake zagaya shi a tsakiyar damtsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya nuna kore, wato sama da santimita 12.5, yaron yana lafiya. Idan ya nuna rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara, sai a tashi tsaye. Idan ya nuna ja, ƙasa da 11.5, ranar nan za a tafi asibiti, ba gobe ba. Sai kuma gwajin kumburi: a danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, idan wurin ya lotsa bai taso ba, shi ma asibiti ne, ko da ma'aunin ya nuna kore. Wannan ba ilimin likitoci ba ne. Tsakanin 2013 da 2014 ƙungiyar ALIMA ta yi gwaji a gundumar Miriya ta jihar Damagaram, ta koya wa iyaye mata, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, kuma aka tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba, har ma sun fi saurin kawo yara kafin ciwo ya yi nisa. Idan tsohuwa a Miriya ta iya, mai zai hana saurayin da ya gama sakandare? Samarin kowace unguwa za su iya zuwa wajen shugaban asibitin mazaɓarsu su nemi a koya musu, su karɓo ma'aunin, su koya wa iyayensu mata da ƙannensu da matansu, domin mace ce za ta shiga gida, namiji ya tsaya a zaure. A fara da gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira, da gidajen marayun da aka kashe iyayensu maza, da rugagen Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba amma suke tsoron shigowa gari. Yaron ruga da yaron gari damtsensu ɗaya ne, kuma babu wanda ya ɗauki bindiga a cikinsu.

Aiki na biyu shi ne ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane gari na buƙatar sanannun masu babura da aka san lambarsu, da ɗan asusu da ake tara wa kuɗin mai ranar Juma'a, ta yadda uwar da ma'auninta ya nuna ja ba za ta kwana tana neman rance ba. Kuma a san alamomin da ba sa jira: yaron da ya ƙi cin komai ko ya ƙi kama nono, wanda ke amayar da duk abin da ya sha, wanda ke suma ko jijjiga, wanda numfashinsa ke sauri, wanda kumburinsa ya hau har fuska, da jaririn da bai kai wata 6 ba amma yana ramewa. Irin waɗannan ba na abincin leda ba ne, na kwanciya ne, inda ake fara musu da madara ta musamman kaɗan-kaɗan dare da rana. Sai a nufi babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, ko wanda ya fi kusa, su kuma su tura gaba idan da buƙata. MSF ta yi aikin kwantar da masu tamowa a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, da Maiyama a Jihar Kebbi, da Gummi a Zamfara, don haka yana da kyau a tambaya tun da wuri a san wace cibiya ce ke aiki a yanzu. A kan hanya a lulluɓe yaron, don sanyi na saurin kama su, a ci gaba da ba shi nono. Kuma a kiyayi abin da ya zama ruwan dare, wato a tsaya a kemis a ce a ƙara masa ruwa. Zuciyar mai tsananin tamowa ta yi rauni, ledar ruwa ɗaya da aka ɗura ba bisa ƙa'ida ba tana iya tsayar da ita.

Aiki na uku shi ne tsaron amana. A 2024 ofishin UNICEF na Sakkwato ya fito fili ya koka cewa ana sace abincin nan na masu tamowa ana sayarwa a kasuwanni, har an tarar da katan-katan da aka cika da duwatsu don a ɓatar da sawu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wane irin rashin tsoron Allah ne wannan? Amma ɓarawo ba ya sata sai ya san akwai mai saye. Su wa ke saye? Ƙarti ne masu lafiya, suna shafawa a burodi, suna zubawa a kunu, suna cewa yana ƙara ƙarfi. Duk saurayin da ya sayi leda ɗaya ya tsotse, ya sani cewa daga bakin wani yaro mai ja a damtse ya fizge ta. Wajibi ne a daina saye, a yi wa mai sayarwa nasiha, idan ya ƙi a kai maganarsa ga uban ƙasa da hukumar lafiya. A cikin gida ma haka: abincin nan magani ne na yaro ɗaya, ba a raba shi da yayye, ba a dama shi da ruwa, sai dai a ba yaron ruwa mai tsabta ya sha a kai. Idan uwa ta sayar da na ɗanta don ta sayo wa sauran yara gari, kafin a zarge ta a tambayi inda mazan gidan da maƙwabta suke.

Aiki na huɗu ya shafi uwa, domin tamowar yaro sau da yawa daga ciki take farawa. Macen da ta ɗauki ciki a rame, jininta bai cika ba, za ta haifi ɗa marar nauyi, kuma ita kanta tana cikin hatsari ranar haihuwa. Haƙƙi ne a kan miji ya bar ta ta je awon ciki tun da wuri, ya tabbatar tana shan maganin ƙarin jini, tana kwana cikin gidan sauro, ya kuma sa kwanonta ya riga nasa. Bayan haihuwa, dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar wai datti ne, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Nono zalla har wata 6, ba ruwa ba tsimi, ya ishi jariri ko da a tsakiyar bazara, kuma a inda aka gudu aka bar rijiya ana shan ruwan tafki, wannan shi ne katanga tsakaninsa da gudawa. Binciken 2018 ya nuna jarirai 29 ne kawai cikin 100 ke samun haka a ƙasar nan. Daga wata 6 sai a ƙara da abinci mai kauri, ba tsararon koko ba. Akwai haɗin da ake kira Tom Brown, wanda kayansa duk ana noma su ko ana samunsu a kasuwannin yankin: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken soya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne, a niƙa tare, a riƙa damawa ana ɗiga ɗan manja. A haɗa da zogale da kuka da wake da ɗan kifi idan an samu. Wannan yana tare yaron da ke rawaya kada ya faɗa ja, amma ba ya maye gurbin asibiti ga wanda ya riga ya faɗa. Haka nan allurar ƙyanda, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida wata-wata a lokacin damina, da ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc ga mai gudawa, duk suna cikin yaƙi da tamowa.

Akwai masu cewa duk abin da ya fito daga ƙungiyoyin Turawa abin zargi ne. Wannan zargi yana da asali, don ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Sa ido wajibi ne, tambaya kuma halal ce. Sai dai ma'aunin damtse roba ce mai lamba, gero da gyaɗa kuwa daga gonakin Hausa suke. Kuma abin da ya faru a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta agaji USAID, cibiyoyi da dama a Arewa suka rasa kuɗin aiki, ya isa darasi: al'ummar da ta jingina rayuwar 'ya'yanta ga alherin baƙo, ranar da baƙon ya naɗe tabarmarsa za ta wayi gari a ƙasa. Wanda ke ƙyamar hannun baƙo, hanya mafi kyau gare shi ita ce ya miƙa nasa.

Duk wannan ba ya sauke nauyi daga kan mahukunta, kuma kada su ɗauka an yafe musu. Samari da babura ba za su iya buɗe hanyar da 'yan bindiga suka tare ba, ba za su iya mayar da manomi gonarsa ba. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman don ƙananan asibitoci. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙudurinsa mai lamba 2417 na 2018 ya yi tir da amfani da yunwa a matsayin makamin yaƙi. Takardu dai ga su nan birjik. Abin da talakan Kebbe ke tambaya shi ne: yaushe za a ga ma'aikaci a asibitin mazaɓa kullum, da katan ɗin abincin tamowa a ɗakin ajiya kafin watan Yuni, da motar da za ta bi 'yan gudun hijira inda suke? Yaushe za a hukunta wanda ya cika katan da duwatsu a gaban jama'a? Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin, da gwamnatin jiha, kowannensu makiyayi ne abin tambaya kan abin da aka ba shi kiwo. Masu hannu da shuni ma haka. Zakkar hatsi, ɗaya bisa goma ga noman damina da rabin haka ga noman rani, da za a fitar da ita yadda aka shar'anta a manyan gonakin yankin, a fara da gidajen masu ciki da masu shayarwa, da an ga bambanci kafin wata daminar. Limaman Juma'a kuwa, huɗuba ɗaya kan haƙƙin mai shayarwa da haramcin cin abincin masu tamowa za ta kai inda sanarwar rediyo ba ta kai ba.

Bin mutane har gida don a amfane su ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Tambuwal kanta ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a zamanin yaƙe-yaƙe. 'Yar uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta ga matan karkara ba za su iya zuwa makaranta ba, sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna fita ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, a lokacin da hanyoyi ba su da aminci, babu mota babu waya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da na yaƙi, ya sami lokacin yin rubuce-rubuce kan magani. Jikokin waɗannan bayin Allah, masu babura da wayoyi a aljihu, ba su da hujjar cewa ba su san yadda ake yi ba.

Damina na tafe kamar yadda ta saba, rumbuna za su ƙare kamar yadda suka saba, kuma yaran da za su shiga ja a watan Agusta yanzu haka suna nan suna rarrafe a tsakar gida. Abin da ya rage shi ne ko za a sami wanda zai auna su tun suna rawaya. Allah ya kawo ƙarshen wannan musiba, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya bai wa marasa lafiya lafiya, ya kuma tona asirin duk mai hannu a zubar da jinin bayinsa da cin abincin raunana. Amin.